Darasi na 18: Yinin Lahadi a Tuddan Bowali

I. Daga Kokoro

Gidanmu yana Kokoro, cikin unguwar Kilomita Biyar, a birnin Bangi. Ana kiran unguwarmu haka domin daga tsakiyar gari, inda ake fara ƙidayar hanya, zuwa wurinmu kilomita 5 ne. Unguwa ce ta kasuwa. Tun da asuba za ka ji ƙarar babura da ihun masu tura amalanke, kuma ba a yin shiru sai dare ya raba.

Kokoro a kwari take. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi lunguna sukan cika, mu tuɓe takalma mu riƙe a hannu mu tafi lakwal. Amma in ka tsaya a bakin babbar hanya ka dubi gabas, za ka hango wani tsauni kore shar a bayan gari. Shi ne Gbazabangi. Kullum ina ganinsa, ban taɓa taka shi ba. Gaskiya ma, ban taɓa hawa abin da ya fi katangar gidanmu tsawo ba.

Kakanmu, mahaifin Inna, tare muke zaune da shi. Da can a garin Bowali yake, yana da kanti. Ba ya son zancen garin. Abu ɗaya kawai yakan faɗa. Duk lokacin da aka ɗauke wutar lantarki, sai ya ɗaga kai ya dubi ƙwan fitila, ya ce: "To, Mbali ya yi barci." In wuta ta dawo, ya ce: "Mbali ya farka." Mun daɗe muna zaton Mbali wani ma'aikaci ne malalaci.

Wata Juma'a cikin watan Agusta, muna tsakiyar babban hutu, Kawu ya biyo gidanmu daga masallaci. Kawu direba ne. Ya gaida Kaka, ya zauna, ya sha ruwa, sa'an nan ya ce:

"Jibi Lahadi ba ni da lodi. Zan kai yaran nan su ga matsirgar Bowali. Yanzu ne lokacinta, ruwa ya cika. Baba, ku zo mu je tare."

Kaka ya yi shiru yana jan carbi. Inna ta dubi Kawu, ta girgiza kai a hankali.

Can Kaka ya ce: "Ƙafata ba ta son tafiya."

Ƙanwata, wadda ba ta jin tsoronsa ko kaɗan, ta ce: "Kaka, ai ba ƙafarku za ta yi tafiyar ba, mota ce!"

Ya ce: "Ke amaryata, bakinki ya fi ki girma." Bai ƙara cewa kome ba. Amma ran Asabar da dare na ji yana gaya wa Inna ta goge masa farar rigarsa. Na kuma ga ya ƙulla goro da sukari da sabulu cikin wani ƙyalle. Ban san na wane ne ba.

II. A kan hanya

Da muka idar da sallar asuba muka loda kaya: tabarma biyu, buta, tukunyar shinkafa da wake, ƙosai, da naman gashi da Baba ya sayo mana. Shi Baba bai je ba, don ba ya iya rufe shago. Inna ma ta zauna gida. Mu biyar muka tafi: Kawu da Kaka a gaba, ni da Yaya da ƙanwata a baya. Yaya tana kwaleji. Ta ɗauko littafinta na taswira, wai ko a hutu ba ta rabuwa da shi.

Ƙarfe 6 da rabi muka tashi. Muka bi ta Gobongo har muka isa PK12, ƙofar birni ta arewa. Nan jami'ai suka duba takardun mota. Nan ne kuma hanya ta rabu biyu. Ta dama tana zuwa Damara. Ta hagu, wadda muka bi, tana zuwa Bowali da Bosambele, daga can mutum ya miƙe zuwa Buwar har iyakar Kamaru.

Kawu ya ce: "Ku dubi hanyar nan da kyau. Ƙasarmu ba ta da bakin teku. Gishiri da siminti da atamfa da kuke gani a kasuwar Kokoro, yawancinsu daga tashar jiragen ruwa ta Duwala suke, kuma ta nan suke shigowa."

Muka yi ta gamuwa da manyan motoci, da samari masu turo amalanke cike da itace da buhunan gawayi, gumi yana zuba musu tun da safe. A ƙauyukan bakin hanya mata sun shanya rogo fari fat. Wasu sun kasa ɗanyar masara da gyaɗa, wasu kuma tsutsar itace da ake ce wa makongo da harshen Sango, wadda ake samu da damina. Abokaina na lakwal suna cewa ta fi kifi daɗi. Ni dai ban taɓa ci ba, don haka ba ni da ta cewa.

Da muka yi nisa sai hanya ta fara hawa da gangara. Mota ta hau tudu tana gurnani, ta gangara da sauri, ta sake hawa wani. Cikin kwaruruka akwai hazo kwance kamar auduga. Iska ta yi sanyi, ƙanwata ta shige cikin mayafin Yaya.

Na ce: "Yaya, waɗannan su ne tsaunukan da Mushe ya zana mana a allo?"

Ta yi dariya, ta buɗe taswira bisa cinyarta.

"Waɗannan ƙannensu ne. Dubi nan. Ƙasarmu kamar bayan saniya take, tsakiya ya tashi, gefe biyu sun gangara. Ruwan saman da ya sauka a gefen arewa yana bin kogin Shari zuwa Tafkin Cadi. Wanda ya sauka a gefen kudu, inda muke, yana zuwa kogin Ubangi, Ubangi ya kai shi kogin Kongo, Kongo ya zuba shi cikin Tekun Atlantika. Babban tsauninmu yana can arewa maso yamma, a kan iyakar Kamaru. Sunansa Ngawi, tsawonsa mita 1410."

"Shi ne ya fi kowane tsawo a duniya?"

"Ina! Ko a Nijar akwai tsaunin Bagzam, cikin Abzin, wanda ya kai mita 2022. Kuma ka riƙe wannan: duk mita 1000 da ka hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6. Shi ya sa mutanen Jos a Nijeriya da na Ngaundere a Kamaru suke kwana da bargo."

Duk wannan surutu Kaka bai sa mana baki ba. Yana ta kallon waje. Sau ɗaya kawai ya nuna wata rimi a bakin hanya, ya ce wa Kawu: "Tana nan ashe."

III. Matsirga

Daga Bangi zuwa Bowali wajen kilomita 95 ne. Ƙarfe 9 muka isa. Kawu bai tsaya cikin gari ba, ya bi ƙaramar hanyar da ke zuwa bakin kogi. Muka biya kuɗin shiga, muka ajiye mota a inuwa.

Kafin mu ga kome, mun ji. Wata ƙara ce mai nauyi, kamar tsawa wadda ba ta ƙarewa. Ina jin ta har cikin ƙirjina. Ƙanwata ta ƙanƙame hannun Kaka.

Kaka ya ce: "Kada ki ji tsoro. Mbali ne. Ku zo ku gaishe shi."

Ashe Mbali kogi ne!

Muka matsa bakin dutse muka leƙa. Gani ya kori ji. Kogin yana tahowa a shimfiɗe ta cikin itatuwa, ba ya ko sauri. Sai kwatsam ƙasa ta ƙare masa, ya faɗa ƙasa gaba ɗaya. A sama ruwan ja ne, launin shayi da madara, domin damina ta wanko ƙasa cikinsa. Yana faɗawa sai ya zama fari, ya tashi kamar hayaƙi. Cikin hayaƙin nan ga bakan gizo tsaye, ba ya motsi.

Yaya ta yi magana, ban ji ba. Ta kawo bakinta kusa da kunnena ta ɗaga murya:

"Zurfinsa mita 50! Faɗinsa mita 250!"

Daga baya na yi lissafi. Da za a ɗora yara irina, wani bisa kan wani, sai an haɗa wajen 35 kafin na sama ya taɓa bakin dutsen. Faɗin kuwa ya kai filin ƙwallo biyu da rabi.

Akwai matakala da ke sauka zuwa gindin matsirgar. Kaka ya ce shi ya sauka sau ɗari a zamaninsa, yau sai dai ya jira mu. Kawu ya tsaya gabanmu ya kafa doka:

"Ba gudu. Ba wanda zai saki hannun wani. Dutsen da kuka ga ya yi kore, kada ku taka shi, gansakuka ce, ta fi kuɓewa santsi. Kuma ba shiga ruwa, ko zuwa idon sawu."

Muka sauka sannu-sannu. Tun ba mu kai rabi ba feshin ruwa ya jiƙa mu sharkaf, alhali ko ɗigo ɗaya bai sauko daga sama ba. Ganyaye suna ɗiga, duwatsu baƙi wuluk suna ƙyalli. A ƙasa na ɗaga kai na dubi ruwan yana zubowa, sai na ga kamar dutsen ne yake tafiya sama, jiri ya kama ni. Na zauna daɓas. Kawu ya ce in dubi ƙafata, in daina duban ruwa. Na yi haka, jirin ya sake ni.

Saukar wasa ce. A hawa ne muka san mun zo tudu. Ƙanwata ta ƙidaya matakala har ta ɓata lissafi, ta ƙarasa a bayan Kawu.

Sama da matsirgar, inda kogin bai fara faɗawa ba, akwai kadarko da mutanen wurin suka saƙa da igiyoyin itatuwan kurmi. In ka taka shi, lilo yake yi. Wani yaro ɗan garin ya wuce a kansa a guje, da ƙunshin rogo a ka, ko riƙewa bai yi ba. Ni na yi taku biyar na dawo. Yaya ta ƙetare, ta dawo, kuma har yau ba ta bar ni na huta da gori ba.

IV. Inda wutarmu take fitowa

Muka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin wata babbar itaciya, nesa kaɗan da ƙarar ruwa. Kawu ya sayo gasasshiyar masara, muka buɗe tukunya. Ban san ko yunwa ce ko iskar wurin ba, amma shinkafar Inna ba ta taɓa daɗi kamar na ran nan ba.

Muna ci na hango dogayen turakun ƙarfe ɗauke da wayoyi, sun jeru bisa tuddai sun nufi inda muka fito.

Na ce: "Kaka, don me kuke cewa Mbali ya yi barci in an ɗauke wuta?"

A karo na farko tun safe Kaka ya yi murmushi. Ya ce: "Ɗauko buta, sarkin tambaya."

Ya tsinko ganye huɗu masu kauri, ya soke su jikin wani ɓargon masara, ya zura tsinke a tsakiya, ya ba ni in riƙe bakin tsinken biyu. Ya kawo buta kusa ya zuba ruwa a kan ganyen. Abin ya ɗan motsa. Sai ya miƙe tsaye, ya ɗaga butar sama sosai, ya zuba. Abin ya juya fir, ya watsa mini ruwa a fuska.

"Ka gani? Ruwan ɗaya ne, butar ɗaya ce. Me ya sake?"

Na ce: "Kun ɗaga ta sama."

"To, aikin tudu ke nan. Ruwan da ke kwance ba ya tura kome. Wanda ya faɗo daga sama, ƙarfi gare shi."

Yaya ta karɓi zancen. Ta ce ana tare wani sashe na kogin tun daga sama, a shigar da shi cikin manyan bututai. Bututan su gangara da shi ƙasa, ya bugi fukafukan wani inji, injin ya juya kamar abin wasan Kaka. Juyawar nan ita ke haifar da lantarki, wayoyi su ɗauke shi zuwa Bangi. Tashar farko, Bowali 1, an gina ta a shekarun 1950, tun zamanin mulkin Faransa. Ta biyu ta fara aiki a 1976. A 1991 aka gama wani baraji can sama a kan kogin, domin ya tara ruwan damina a riƙa sakinsa da rani. Kamfanin ENERCA ne ke kula da su duka.

Ƙanwata ta ce: "To ga ruwa da yawa, don me ake ɗauke mana wuta?"

Kawu ya ce: "Tuwo ne bai kai yawan masu ci ba. Bangi ta yi girma, gidaje sun yi yawa. Sai a ba wannan unguwa yanzu, a ba waccan an jima. Wani lokaci kuma inji ne ke lalacewa."

Kaka ya nuna wani tudu da ke hayi. Rabinsa kurmi ne, rabinsa an sare shi tas, jar ƙasa ta fito, ruwa ya yi mata zane-zane.

"Lokacin da na zo garin nan, tudun can duk itace ne. Saiwar itace ita ke riƙe ƙasa, ita ke sa ruwa ya nutse ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan har rani. In an sare, ruwa sai ya gudu rana ɗaya, ya tafi da ƙasar."

Na tuna da buhunan gawayin da muka gani a hanya. Na kuma tuna da gawayi Inna ta dafa shinkafar da nake ci. Na so in tambaya, amma bakina cike yake.

Bayan nan ba mu yi kome ba. Kawu ya rufe fuska da hula ya yi barci. Yaya ta yi wa ƙanwata kitso. Ni na kwanta rigingine ina kallon gajimare suna wucewa bisa tuddai, ga malam-buɗe-littafi iri-iri suna sauka kan ɓawon masara. Ba babur, ba rediyo, ba mai kirana aike. A Kokoro ban taɓa jin irin wannan ba. Da rana ta karkata muka yi alwala, Kaka ya ja mu sallar azahar.

V. Abokin Kaka

Da muka shafa addu'a, Kaka ya gyara rigarsa, ya ɗauki ƙunshinsa, ya ce wa Kawu: "Yanzu an tashi daga coci. Kai ni cikin gari."

A cikin mota ya ba mu labarin da bai taɓa ba mu ba. Bai juyo ba, gaba yake kallo.

A ƙarshen shekarar 2013 da farkon 2014 an yi yaƙi a ƙasarmu. Ni ina goye a lokacin. Mutanen da suka yi shekaru suna cin kasuwa ɗaya suka koma tsoron juna, aka kashe Kirista, aka kashe Musulmi. A watan Janairu na 2014 Musulmin Bowali suka rasa wurin ɓuya. Sai limamin cocin garin, Fada Xavier Fagba, ya buɗe musu ƙofar cocin Saint-Pierre. Mutane ɗaruruwa, maza da mata da yara, suka yi makonni suna kwana a ciki. Daga baya aka kwashe su cikin manyan motoci zuwa Kamaru. Kaka yana cikinsu. Da ƙura ta lafa ya dawo, amma wurinmu ya sauka, a Kokoro. Shekara goma ke nan bai taka Bowali ba.

"Akwai maƙwabcina, manomi ne. Kullum da dare yakan kawo mini dafaffen rogo a coci, a ɓoye. Ranar da za mu tafi ban gan shi ba, ban yi masa sallama ba. Ban sani ba ko yana da rai."

Muka yi tsit.

Kawu ya tsaya inda Kaka ya nuna. Ba kanti a wurin. Daɓen siminti kawai ya rage, ciyawa ta fito ta tsagoginsa, ga wata akuya kwance a tsakiya. A gefe akwai wani babban mangwaro. Kaka ya hau daɓen ya tsaya. Ya taka nan, ya taka can, kamar mai neman ƙofa. Kawu ya yi mana alama da ido kada mu yi magana.

A gidan da ke kusa, wata mata tana daka. Ta dakata, ta ƙura wa Kaka ido. Sai ta yar da taɓarya ta ruga ciki tana kira. Jim kaɗan wani tsoho ya fito yana dogara sanda, da rigarsa ta zuwa coci. Ya sa hannu ya kare rana, ya duba, ya sake dubawa.

Kaka ya ce da Sango: "Bara mo, ita." Wato, ina gaishe ka, ɗan'uwa.

Sandar tsohon ta faɗi. Suka rungumi juna, suka daɗe ba su saki ba. Ƙanwata ta raɗa mini: "Kaka kuka yake yi?" Na ce mata feshin ruwan ɗazu ne. Ita ma ta san ba shi ba ne.

Aka fito da kujeru ƙarƙashin mangwaron. Maƙwabta suka taru. Wasu suka zo suka ba Kaka hannu. Wasu suka tsaya daga nesa suna kallo, ba su matso ba, Kaka ma bai kira su ba. Tsofaffin biyu suka yi ta ƙidayar mutane: wane ya rasu, wane yana Kamaru, wance ta yi jikoki. Kaka ya miƙa ƙunshin goro da sukari da sabulu. Tsohon ya karɓa da hannu biyu, ya ce: "Singila mingi," wato na gode ƙwarai.

Sa'an nan ya aiki jikansa cikin ɗaki. Yaron ya fito da wani abu a nannaɗe cikin buhu. Da aka kwance sai ga sikeli, da duwatsun awonsa guda biyar, duk sun yi tsatsa.

Tsohon ya ce: "Shi kaɗai na iya fitarwa daren nan. Na binne shi cikin gonar rogo shekara biyu. Dutsen rabin kilo ne ban samu ba."

Kaka ya shafa sikelin, ya ɗora ɗan yatsa a faranti ɗaya, ɗayan ya tashi. Ya ce: "Har yanzu yana faɗin gaskiya." Duk aka yi dariya.

Yaron nan ashe shi ne wanda ya wuce mu a guje bisa kadarko. Ajinmu ɗaya, shi ma zai shiga CM2. Ya tambaye ni ko gaskiya ne a Kilomita Biyar kowa da bindiga yake yawo. Na ce ni dai da jakar littattafai nake yawo. Ni kuma na tambaye shi ko a gidansu ba a taɓa ɗauke wuta, tun da ga tasha a bayan gida. Ya ce gidansu ba a ma ja wayar ba, da fitilar hannu yake karatu.

Da za mu tashi, aka cika mana bayan mota da rogo da gyaɗa da ayaba. Tsohon ya dafa mangwaron ya ce wa Kaka:

"Kai ka dasa shi, mu muke sha. Yanzu ba lokacinsa ba ne. Ka dawo watan Afrilu ka karɓi rabonka."

Kaka ya ce: "In Allah ya kai mu."

VI. Komawa

Hadari ya haɗu a kan tuddai, Kawu ya ce mu kama hanya don kada dare ya same mu. Ruwa ya tarar da mu a tsakiyar tafiya. Muka lulluɓa da tabarma, muna kallon ruwa yana gudu ja wur a gefen kwalta. Yaya ta ce duk wannan Ubangi za shi, zai riga mu ko mu riga shi.

Bayan magariba muka shiga Kokoro. Unguwa duhu ƙirin, an ɗauke wuta. Inna tana tsaye a ƙofar gida da fitila a hannu, tun la'asar take leƙen hanya. Kaka ya sauko rungume da sikelinsa, bai yarda kowa ya karɓa masa ba. Inna ta haska, ta gane shi, ta rufe baki da hannu.

Muna cikin sauke rogo sai ƙwan fitilar zaure ya yi ƙyaf-ƙyaf, ya kama. Yaran unguwa suka sa ihu kamar kullum. Ƙanwata ta riga Kaka, ta ce:

"Mbali ya farka!"

Ma'anar kalmomi

matsirga: wurin da kogi yake faɗowa daga bisa dutse. Da Faransanci: la chute d'eau.
tsauni: tudu mai tsawo ƙwarai: la montagne. Da Sango: hoto.
kwari: wuri mai gangare tsakanin tuddai: la vallée.
baraji: bangon da ake ginawa a tare kogi: le barrage.
kadarko: gadar da aka yi da itace ko igiya: le pont de lianes.
gansakuka: koren abu mai santsi da ke fitowa kan jiƙaƙƙen dutse: la mousse.
sikeli: abin awon nauyi: la balance.
A kan taswira ta Faransanci za ku ga an rubuta: Bangui, Boali, Oubangui, Chari, mont Ngaoui.

Tambayoyi

1. Don me ake kiran unguwar Kilomita Biyar da wannan suna?
2. Wane ne Mbali? Me yara suka zata da farko?
3. Ina ruwan saman da ya sauka a arewacin ƙasar yake zuwa? Na kudu fa?
4. Me Kaka ya nuna wa jikansa da buta da ganye?
5. Waɗanne dokoki Kawu ya kafa kafin a sauka matakala?
6. Don me Kaka ya ce ƙafarsa ba ta son tafiya? Kuna jin ƙafar ce da gaske?
7. Wasu mutane sun ba Kaka hannu, wasu sun tsaya daga nesa. A ganinku, me ya sa?

Aiki

Lissafi: Mota ta tashi ƙarfe 6 da rabi, ta isa ƙarfe 9. Awa nawa aka yi a hanya? Idan zuwa kilomita 95 ne, kilomita nawa ne zuwa da dawowa?

Aikin hannu: Ku nemo ɓargon masara da tsinke da ganye, ku yi irin abin da Kaka ya yi. Ku zuba ruwa daga kusa, ku zuba daga sama. Ku rubuta abin da kuka gani.

Rubutu: Ku tambayi wani tsoho a gidanku garin da ya taɓa zama, da sunan kogi ko tudun da ke kusa da garin. Ku rubuta jimla biyar da Hausa, sa'an nan ku juya biyu daga ciki zuwa Faransanci.